Yadda Ake Gyara Awon Suwaita, da Abin da Mai Saƙa Zai Koya a Titunan Reykjavik

Duk wanda ya taɓa shafe wata biyu yana saƙa suwaita, ya gama ya zura ta, sai ya tarar ta matse shi a ƙirji ko hannuwanta sun wuce yatsunsa, ya san cewa iya saƙa daban, iya awo daban. Haka ta faru da ni a suwaitata ta farko irin ta ƙasar Ayislan, wadda mutanen can suke kira lopapeysa. Jikinta ya zauna daidai, amma kafaɗar ta ɗaure ni har na kasa ɗaga hannu sama, wuyan kuwa sai da na yi kokawa kafin kaina ya shiga. Na daɗe ina ɗora wa takardar tsarin laifi, alhali laifin yana hannuna, kuma ban gane haka sosai ba sai da na yi kwana uku a Reykjavik, babban birnin ƙasar, da tef ɗin awo a aljihu.

Kafin a gyara, ya kamata a san yadda ake gina wannan riga. Ana saƙa ta ne a zagaye da allura mai igiya, daga ƙasa zuwa hammata, sannan a saƙa hannuwa biyu daban, a haɗa ukun a kan allura ɗaya, a ci gaba da ɓangaren kafaɗa mai ado ana rage yawan madaukan zare har a kai wuya. Kowane madauki da ke kan allura shi zan riƙa kira ido a nan. Da yake babu ɗinki a gefe, babu inda za a ɓoye kuskure ta hanyar ragewa ko saki kamar yadda tela yake yi, saboda haka faɗin rigar gaba ɗaya ya dogara ne da yawan idanu da kuma girman kowane ɗaya.

Mataki na farko shi ne ƙyallen gwaji, kuma shi ne wanda masu saƙa suka fi tsallakewa saboda ɗoki. A ɗauki zaren ulun Ayislan mai suna Léttlopi a matsayin misali, wanda dunƙulensa ɗaya gram 50 ne mai tsawon mita 100, kuma yawancin tsare-tsarensa suna neman ido 18 a kowace santimita 10 da allura mai kaurin milimita 4.5. Idan ana son rigar da zagayen ƙirjinta ya kai santimita 100, ana buƙatar ido 180. To amma idan hannun mai saƙa yana da tsauri, yana fitar da ido 20 a santimita 10, waɗannan idanu 180 ɗin za su ba shi santimita 90 ne kawai, idan kuma hannunsa sakakke ne yana fitar da 17, rigar za ta kusa santimita 106. Bambancin ido biyu da ba a ganinsa a tafin hannu shi ne yake cinye santimita goma a ƙirji. Don haka a saƙa ƙyalle mai faɗin aƙalla santimita 15, a saƙa shi a zagaye tunda haka za a saƙa rigar, a wanke shi, a shimfiɗa ya bushe, sannan a ƙirga idanun tsakiyarsa. Idan sun yi yawa a ɗauki allura mafi kauri, idan sun yi kaɗan a koma siririya.

Awon jiki ma yana da nasa tarko. Lambar da ke takardar tsari awon rigar ce bayan an gama, ba awon jikin mutum ba, kuma wannan riga an yi ta ne don a ɗora a kan wata, saboda haka tana son rarar santimita 5 zuwa 10 a kan zagayen ƙirji. A ganina hanya mafi aminci ita ce a ɗauko wata suwaita da ake jin daɗin sawa, a shimfiɗa ta, a auna faɗinta, da tsawonta daga hammata zuwa ƙasa, da tsawon hannu, da zurfin kafaɗa daga wuya zuwa hammata, a rubuta lambobin a riƙa duba su yayin aiki.

Kafaɗa ita ce wurin da aka fi shan wahala, kuma dalilin a bayyane yake. A nan ne ake saƙa da launi biyu ko uku a layi ɗaya, zaren da ba a amfani da shi yana bi ta baya, kuma idan aka ja shi da ƙarfi sai saƙar ta tattare ta rasa miƙewa. Maganin shi ne a baje idanun da ke kan allurar dama kafin a ɗauko launi na gaba, domin zaren baya ya sami tsawon da zai ishe shi. Mutane da yawa suna ƙara kaurin allura da rabin milimita ko milimita ɗaya idan sun iso wannan wuri, wasu kuma suna juya aikin ciki ya koma waje, ta yadda zaren baya zai bi ta doguwar hanya. Ni dabarar ƙara allura ce ta fi yi mini aiki. Idan an kai rabin kafaɗa, a zare idanun a kan wani dogon zare, a saka rigar a ɗaga hannu sama a gani, domin warware layi goma ya fi sauƙi a kan warware arba'in.

Wuyan da ya ƙi shigar kai kusan kullum daga rufe baki da tsauri yake, sai a warware layin ƙarshe a sake rufewa da allura babba. Akwai kuma wata damuwa da tsarin gargajiya yake zuwa da ita, wato gaba da baya iri ɗaya ne, shi ya sa wuyan yake taɓa maƙogwaro, bayan rigar kuma ya ɗage. Ana magance wannan da gajerun layuka huɗu zuwa shida a baya kaɗai, ana zuwa ana dawowa ba tare da an kammala zagaye ba, ko dai daf da wuya ko a farkon kafaɗa.

Rigar da aka riga aka gama ma ba ta zama asara ba. Idan matsewar kaɗan ce, a jiƙa ta cikin ruwa mai ɗumi kaɗan, a matse a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a ja ta zuwa awon da ake so, za a iya samun santimita biyu ko uku. Hannun da ya yi tsawo ko gajarta ba ya warwaruwa daga bakinsa, tunda daga nan aka fara shi, sai dai a yanke ido ɗaya a saman bakin, a zare layin a hankali, a kwashe idanun a kan allura, a saƙa zuwa ƙasa. Ulun Ayislan yana da kama jiki, idanunsa ba sa saurin zubewa, don haka aikin bai kai yadda yake ba da tsoro ba.

Wanda ya sami damar zuwa Reykjavik, ya fara da titin Skólavörðustígur, inda ƙungiyar masu saƙar hannu ta ƙasar, wadda aka kafa a 1977, take da kanti cike da suwaitu. Da yake hannaye daban-daban ne suka saƙa su, biyu masu lamba ɗaya ba lallai su zauna iri ɗaya ba, kuma darasin ke nan. A gwada da yawa, a juya cikinsu a ga yadda zaren baya yake kwance a sake, a nemi izini a auna wadda ta fi zama. A nan na gano cewa kafaɗar tawa ta gaza zurfi da santimita uku. A sauran kantunan tsaraba kuwa a karanta takardar da ke jikin riga, domin ba kowace ce aka saƙa a ƙasar ba.

Titin nan yana hawa ne kai tsaye zuwa cocin Hallgrímskirkja, wanda aka fara ginawa a 1945 aka kammala a 1986, mai hasumiya da ta haura mita 74, kuma daga samanta ana hango rufin gidaje masu launi-launi da teku da dutsen Esja. Daga nan a gangara bakin ruwa wurin Sólfar, sassaƙen ƙarfe mai siffar jirgin ruwa, a bi gaɓa da ƙafa zuwa Harpa, zauren kiɗa mai bangon gilashi da aka buɗe a 2011, sannan a karkata zuwa tafkin Tjörnin. Duk wannan yawon wuni ɗaya ne a ƙafa, kuma a yi shi sanye da suwaitar da aka saƙa, domin iskar bakin teku takan nuna inda wuya ya yi faɗi da inda hannu ya gaza. Ulun tumakin ƙasar gashi biyu ne a haɗe, dogo mai kauri da ke tare ruwa da kuma gajere mai laushi da ke riƙe ɗumi, amma iska mai ƙarfi tana ratsa saƙa, saboda haka a tafi da rigar ruwa ta ɗorawa ko da a watan Yuli ne.

Rana ta biyu a ware ta don Mosfellsbær, ɗan garin da ke kusa da birnin, inda tsohuwar masaƙar Álafoss da aka kafa a 1896 take da kantin ulu. Ana samun zaren har a wasu manyan kantunan cefane, farashi da krona yake, wato kuɗin ƙasar, kuma katin banki yana aiki kusan ko'ina. Suwaitar babban mutum matsakaici tana cin dunƙulen Léttlopi goma zuwa goma sha biyu, kuma a tabbata lambar rini ɗaya ce a jikin duk na launi guda, a ƙara ɗaya saboda gwaji. Wanda ya kasa haƙuri ya fara ƙyallen gwajinsa a masauki ya kula da famfo, domin ruwan zafin birnin daga zafin ƙarƙashin ƙasa ake samunsa, yana fitowa da zafi sosai, wani lokaci da ɗan warin kibiritu, kuma idan aka cuɗa ulu a cikinsa zai tsuke ya cure. A surka shi da na sanyi har ya zama ɗumi kaɗan, a shimfiɗa ƙyallen a kan tawul, da safe a ƙirga idanun kafin a koma sayen allura.