Rowa a wajen gem, zari a wajen ninki: kurakuran tayi a birij na ƙungiya

Duk daren Asabar, bayan sallar isha'i, mu takwas muke haɗuwa a wani gida da ke wajejen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina mu buga birij, wasan kati na mutum huɗu a tebur, biyu suna karawa da biyu. Tebur ɗaya a zaure, ɗaya a falon maigidan, an ja ƙofa a tsakani. Babu ko sisi a ciki, kada wani ya ɗauka caca ce. Wanda ya sha kaye tsiya kawai zai sha har mako ya zagayo. Ni aka ɗora wa riƙon takardar maki, kuma a jikinta na gane cewa yawancin wasannin da muke zubarwa, tun a wajen tayi ake gamawa da mu, kafin a jefa kati ko ɗaya.

Tayi muke ce wa kiran da kowa ke yi kafin a fara buga hannu, don gwanjo ne sak, kamar tayin sa a karar Mai'aduwa, sai dai a nan da ci ake biya. Ci shi ne zagaye ɗaya da kowa zai jefa kati ɗaya, mai rinjaye ya kwashe, kuma 13 ne a kowane rabo. Wanda ya taya 4♠ ya ɗauki alkawarin cin goma ke nan, shida na tushe da huɗun da ya ambata, kuma ♠ ne launin mulki, wato mai sare sauran launuka. A teburinmu ♠ mashi ne, ♥ zuciya, ♦ daimon, ♣ ganye. In allon da ake ajiye katin kowane rabo ya nuna ja a gefenku, ladanku da tararku duka sun ƙaru. In kore ne, duka biyun da sauƙi. Mutum biyu na ƙungiyarku suna zaune Arewa da Kudu a tebur ɗaya, sauran biyun Gabas da Yamma a ɗayan, ana buga rabo iri ɗaya, sannan a mayar da bambancin maki zuwa ma'aunin IMP, wanda da shi ake ƙirga nasara. Bambancin 20 zuwa 40 IMP ɗaya ne, 220 zuwa 260 shida, 430 zuwa 490 goma, 750 zuwa 890 sha uku. Wanda bai haddace wannan ma'auni ba yana ciniki ne bai san farashin kasuwa ba.

Kuskuren da ya fi ci mana maki shi ne rowa a wajen gem, wato alkawarin da makinsa ya kai ɗari ya kawo babban lada, irin 4♠ ko 4♥, musamman a ja. Ga wani hannu da abokin zamana, wani dattijo tsohon ma'aikacin baitulmali, ya riƙe wata rana: mashi shida, as da sarauniya a kai, zuciya ƙwaya ɗaya, sarki da sarauniyar daimon da ƙarami ɗaya, sarkin ganye da ƙanana biyu. Ya buɗe da 1♠, na ɗaga zuwa 2♠, ya ƙirga makin manyan katinsa ya ga 14, ya ce ya wuce. Na shimfiɗa katina: sarkin mashi da ƙanana biyu, as na daimon, sauran duk tarkace. Mashi shida da daimon uku sun ba shi tara a hannu. Na goma yana rataye ne a kan abu ɗaya, wato as na ganye ya kasance a hannun wanda ke damansa. Can kuwa yake. Muka rubuta 170. A falo an taya 4♠ da katin nan, an rubuta 620.

Na ce, "Haba Alhaji, mi ya hana ka zuwa huɗu?"

Ya ce, "Ƙanena, maki 21 ne tsakaninmu. Da me zan je?"

Lissafin da Alhaji bai yi ba ke nan. In ka je gem a ja ka ci, su suka tsaya, bambanci 450 ne, IMP 10. In ka je ka gaza da ɗaya, kai ka ba da 100, su sun sami 140, bambanci 240, IMP 6. Kana saka shida ne don ka ɗauki goma. Ko sau uku cikin takwas gem ɗin ke tsayawa, ba ka faɗi ba, wato kashi 37.5 cikin ɗari. Na Alhaji kuwa ya kusa rabi da rabi. A kore ribar ta ragu, shida ne a kan biyar, sai ya kai wajen kashi 45 kafin ya biya. Sannan ƙirgen nan na as huɗu, sarki uku, sarauniya biyu, jak ɗaya, an yi shi ne don hannu madaidaici. Da zarar kun sami launin da kuka haɗu a kai, na shida a mashi da gajeriyar zuciya sun fi jak biyu daraja nesa.

Gyaransa shi ne: a ja, in kana tababa, taya gem. Amma ku yi magana da abokin zamanka tun a gida a kan wane ne mai miƙa wuya. Mu mun tsaida cewa mai gayyata ya zo da cikakken hannu, mai amsawa shi ne zai karɓa da ɗan abin da ya samu. In ku biyun kuka miƙa a rabo ɗaya, za ku tsinci kanku a gem ɗin da ba ya da ƙafa ko ɗaya, a ninka ku, wato abokan hamayya su yi kiran da ke ƙara lada da tara, lissafin shida da goma kuma ya tashi daga aiki.

Daga nan sai kwaɗayin 'yan canji. Masu buga wasan bibbiyu a intanet sun fi kamuwa da shi, don a can maki goma kacal kan ɗora ka a saman kowa. A wasan ƙungiya 630 da 620 ba su da bambanci ko na IMP ɗaya, 1430 na 6♠ da 1370 na 6♦ kuma biyu ne tsakaninsu. Zaɓi alkawarin da ya fi tsira, ko da ladansa ya ɗan gaza. Shi ke nan maganar.

Wanda ya fi ƙona rai shi ne ninka ƙaramin alkawari. Yawanci haushi ke jawo shi, ba kati ba. Kun buɗe tayi, sun shigo muku da 2♠, ka duba ka ga maki a hannunka, zuciyarka ta ce raini ne, ka ninka. To duba abin da ka saye. Suna ja, in sun gaza da ɗaya ka sami 200 maimakon 100, ƙarin IMP 3. In kuwa suka cika takwas ɗinsu, ninkinka ya mayar da 60 zuwa 120, ya haye layin ɗari, ka kai su gem da hannunka: 670 maimakon 110, IMP 11. Na taɓa yin wannan da as biyu da sarki a gefe, mashina kuwa ƙanana biyu. As ɗaya mai wasan ya sare shi da mashi tun zagayen farko, don ba shi da launin sam. Maigidan ya leƙo daga baya ya ga 670 a takarda, bai ce komai ba, ya dai tambaye ni ko shayin ya yi mini ƙarfi.

As da sarki na gefe suna iya mutuwa. Abin da ba ya mutuwa shi ne ci a cikin launin mulkinsu, irin sarauniya da jak da goma da tara a bayan mai wasa. Kada ka ninka ƙaramin alkawari sai kana da irin wannan, kuma kana ganin gazawa biyu, ta yadda in ɗaya ta sulale saura ɗaya. Akwai rangwame a 2♣ da 2♦ da 1 ba-mulki, wato alkawarin da babu launin mulki a cikinsa, don ko an ninka su 80 ne, ba su kai gem ba.

Sai dai kada jin wannan ya sa ka zama mai sallamawa da wuri. Akwai masu cewa ƙaramin alkawari ba abin faɗa ba ne a wasan ƙungiya, kuma ba gaskiya ba ne. In kuka bar su suka ci 110 a 2♥ a zaure, a falo kuma aka ci 110 a 2♠ da katinku, 220 ke nan, IMP 6, daidai da gem ɗin kore da aka bari. Uku irin wannan a dare ɗaya sun isa su kayar da ku ba tare da kowa ya ga inda ruwa ya shiga ba. Wani Bafaranshe, Jean-René Vernes, ya bayyana a wata mujallar birij ta Amurka a 1969 cewa jimillar cin da ɓangarorin biyu za su iya yi, kowanne a launinsa mafi tsawo, tana kusan daidai da jimillar katunan da suke da su a launukan nan biyu. Abin da ɗan wasa zai ɗauka daga ciki mai sauƙi ne: in ku biyu kuna da takwas a launinku, ku yi ja-in-ja har mataki na biyu, tara, na uku, goma, na huɗu. Ba aya ba ce, tana kuskurewa da ci ɗaya sau da yawa, musamman in manyan katinka suna cikin launin abokan hamayya. Amma ta fi "ji na yi a jikina". Kuma in kun tura su daga biyu zuwa uku, aikinku ya ƙare. Bar su a can. Mai sake tayawa da hannun da ya riga ya faɗi duk abin da ke cikinsa, shi ne ke dawowa da 500 a wuya.

Sadaukarwa, wato taya abin da ka san ba za ka ci ba don hana su gem, ita ma da farashinta. Suna ja sun taya 4♥, 620 ke nan. Kuna kore kun taya 4♠ an ninka. Gazawa ɗaya 100 ce, biyu 300, riba mai kauri ta IMP 11 ko 8. Gazawa uku 500, ribar ta koma IMP 3. Huɗu 800, kun yi asarar 5. Abin da ake mantawa shi ne tambayar farko: wa ya ce za su ci 4♥ ɗin? In da ma faɗuwa za su yi, kun biya 500 a banza, 'yan'uwanku a falo sun ba da 100, jimilla 600, IMP 12. Gudun gara, an faɗa gidan zago. Don haka mai as biyu ko ci a launin mulkinsu ba shi da hurumin sadaukarwa. Aikin mai dogon launi ne da hannu fayau. Kuma a yi ta da wuri. Tsalle ɗaya zuwa 4♠ tun ba su gama fahimtar juna ba ya fi a rarrafa a bar su su tattauna, sannan a zo daga ƙarshe a miƙa musu sanda. In suka haura mataki na biyar, yawanci a bar musu kayansu.

Wani abu a gefe, tunda mu 'yan gida ne: dogon shiru kafin "na wuce", gyaran murya, ajiye kati da ƙarfi. Dokar wasan ta hana abokin zamanka amfani da abin da ya fahimta daga waɗannan. In ka yi minti guda kana tunani sannan ka wuce, ka ɗaure masa hannu ne, don duk tayin da zai yi mai shakku za a ce shirunka ne ya ba shi.

A silam, wato alkawarin ci 12 ko 13, lissafin ya canja. Ƙaramin silam rabi da rabi ne: 6♠ a ja, in an ci 1430 ne a kan 680, in an gaza 100 ne a kan 650, sha uku ko ta ina. Kuskuren da nake yawan gani shi ne garajen tambayar as da 4 ba-mulki, dabarar nan da Easley Blackwood ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1930. Ita tana gaya maka nawa ne, ba ta gaya maka wanne ba. In kana da ƙananan zuciya biyu, aka amsa maka cewa as ɗaya ya ɓace, ba ka san ko as da sarkin zuciya za su kwashe a ci biyun farko ba. Mai irin wannan hannu, ko wanda ba shi da wani launi gaba ɗaya, ya fara nuna inda yake da tsaro, launi bayan launi daga ƙasa, ya saurari ko abokinsa zai ambaci zuciya. In bai ambata ba, a tsaya.

Babban silam kuwa, ci 13 cif, saka 17 ne don ɗaukar 13, kuma wannan in har an tabbata ɗaya teburin ya kai shida. In a gem suka tsaya, shida ma ta wadatar, bakwai ɗin kasada ce kawai. Kada ka taya shi sai kana iya ƙirga sha ukun da yatsa.

A nan ne Alhaji ya sake ba mu labari. A allo na tara ya yi wata sadaukarwa da ta ci mana 800. Na ga fuskarsa ta canja, ya daina kurɓar shayi. Allo na sha ɗaya ya zo da hannu mai kyau, muka kai 6♠ lafiya lau, sai ya tsaya ya dube ni ta saman tabarau ya ce bakwai. Rama wancan yake so ya yi. Sarauniyar daimon ce ba mu da ita, ya nemo ta ta hagu, tana dama. Aka buɗe ƙofar falo wajen ƙarfe sha ɗaya, muka zauna gwada takardu. Allo na sha ɗaya: mu mun ba da 100, su sun ci 1430, IMP 17. Na karanto allo na tara, 800 a kanmu. Ɗan'uwanmu na falo ya ce su ma 800 suka karɓa, don mai riƙe da katin Alhaji a can shi ma 4♠ ɗin ya taya. Babu bambanci ko na maki ɗaya. Da IMP 11 aka ci mu a daren.

Alhaji ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, "Malam, sake karanto mini na taran nan."