Yadda ake koya wa matasa illar cin zali ta waya da wasan kwaikwayo

Na sha ganin malami ya shirya wasa, mai zagi ya tuba a ƙarshe, an tafa, an watse, washegari kuma hoton yarinyar da ake zalunta yana ci gaba da yawo a guruf ɗin WhatsApp na aji. Dalili kuwa, yaran kallo kawai suka yi. Salon da nake bi a Jos shi ne na Augusto Boal ɗan ƙasar Brazil, wanda ya fito da shi a shekarun 1970, inda ɗan kallo ke tashi ya shiga cikin wasan da kansa.

Fara da yara goma sha biyu zuwa goma sha biyar, maza daban mata daban a zaman farko, in ba haka ba 'yan matan ba za su buɗe baki ba. Su za su kawo labarin, amma kada ka yarda a ɗauki na wani da aka sani. Na taɓa yin wannan kuskuren a wata Islamiyya a Unguwar Rogo: an sauya suna, amma kowa ya gane, yarinyar ta fita tana kuka, ba ta ƙara dawowa ba. Haɗa guntaye daga labari uku ko huɗu.

Kada a riƙe waya ta gaske. Kwalin indomi ya isa, ko sisi ba za ka kashe ba. Yara biyar su tsaya bayan wadda ake zalunta, su ne 'yan guruf, suna faɗin saƙonnin da ƙarfi: “Ku tura gaba!” “Kalli bakinta!” Abin da yaro ke rubutawa cikin bargo da dare, nauyi yake masa idan aka ce ya furta a gaban mutane.

Wasan kada ya wuce minti goma, kuma ya ƙare da muni. A nan sababbin masu shirya wasa ke faɗuwa, tausayi ya kama su, su gyara ƙarshen. Bar shi haka. Sai a maimaita daga farko, ka ce duk wanda ya ga inda za a iya sauya abu ya ce “Tsaya!”, ya fito ya karɓi matsayin wani. Amma ban da matsayin mai zaluncin. Idan ka bari, yaro zai fito ya mai da shi mutumin kirki cikin daƙiƙa ɗaya, a gaske kuwa ba haka ake yi ba. A karɓi na ƙawar da ta yi shiru, ko shugaban guruf, ko yayan wadda ake zalunta. Shi kuma mai zaluncin ya dage, kada ya sauko da sauƙi. Kai naka tambaya: “Jama'a, wannan zai yiwu?” Wani zai ce a tara abokai a je a yi masa duka. Kada ka yi wa'azi, a gwada a wasan, su ga inda zai kai.

Daga nan a zayyana a allo abin da ya yi aiki: ɗaukar hoton saƙon kafin a goge, toshe lambar, gaya wa babba. Ka ambata musu cewa dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci kan barazana ta waya. Ka tsaya bayan an tashi, akwai wanda zai zo shi kaɗai ya ce, “Malam, ina da magana.”