Yadda ake kafa Wi-Fi na kiran murya a ginin da sigina ke amsa-kuwwa

A babban ɗakin ajiyar kaya mai rufin kwano da kantocin ƙarfe, ko masana'anta mai cike da injuna, sau da yawa waya kan nuna sigina cike taf, amma murya na yankewa. Ba ƙarancin sigina ba ne. Igiyar rediyo ce ke bugun ƙarfe da gilashi tana dawowa, sai saƙo ɗaya ya iso wa waya ta hanya uku ko huɗu, kowace da ɗan jinkirinta, kamar amsa-kuwwa a cikin kogo. Inda biyu suka haɗu a saɓe, sai su kashe juna. Tsawon zangon igiyar 2.4 GHz bai wuce santimita 12 da rabi ba, na 5 GHz kusan 6, don haka juya kai kawai na iya jefa mai magana cikin ramin sigina. Mai karanta shafin intanet ba zai lura ba, amma murya ana aika ta ne gutsure-gutsure, galibi kowane milisakan 20, kuma gutsuren da ya makara daidai yake da wanda ya ɓace.

Fara da awo, kafin ka huda bango ko ɗaya. Ɗauki akwatin Wi-Fi guda, ka ɗaga shi kan sanda a inda kake tunanin kafawa, ka zagaya da ainihin wayar da ma'aikata za su riƙe. Kwamfutar cinya ta fi waya jin sigina, za ta yaudare ka. Abin da masu wannan aiki ke nema shi ne kada sigina ya gaza -67 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina) a bakin iyakar kowane akwati, ya kuma ɗara hayaniyar rediyon wurin da dB 25. Ka yi awon lokacin da kantoci ke cike, domin ɗakin da babu kaya da wanda aka shaƙe da gwangwani ko ruwan kwalba ba abu ɗaya ba ne a wurin rediyo.

Daga nan sai zaɓin zango. Ka sa murya a 5 GHz da faɗin tasha 20 MHz. Idan dole ne 2.4 GHz, tasha 1 da 6 da 11 ne kawai ba sa hawa juna.

Wurin kafawa ne ya fi cin lokaci, kuma ya cancanci hakan. Kada ka manna akwati a jikin ginshiƙin ƙarfe ko ka cusa shi can ƙarƙashin kwano. Sauko da shi kan bututu ya rabu da ƙarfen. A tsakanin dogayen kantoci, eriya mai watsawa ko'ina ɓarna take yi, tana jifan ƙarfe dama da hagu. Mai fuskantar gefe guda, da aka ɗora a bakin layi tana haska tsawonsa kamar tocila, ta fi. Ka zaɓi akwati mai eriya biyu zuwa sama. Tun daga ƙa'idar 802.11n ta 2009, fasahar MIMO, mai aiki da eriya da yawa lokaci guda, na tattara waɗannan igiyoyi masu dawowa ta amfana da su, amma fa sai an jona dukkan eriyoyin.

Ina roƙonka, kada ka ƙure ƙarfin watsawa. Wannan ne kuskuren da ya fi ba ni takaici. Ihu a cikin kogo amsa-kuwwa yake ƙarawa, sannan wayar za ta ji akwati daga nesa alhali shi ba ya jin ta. Daidaita ƙarfinsa da na wayar, ka ƙara yawan akwatuna, iyakokinsu su shiga juna da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari.

A saiti, kashe tsofaffin matakan gudu na 802.11b, mafi ƙanƙanta ya zama 12 Mbps. Bar tazarar da ake sawa tsakanin alamomin saƙo a nanosakan 800 maimakon 400. Igiya na cin kusan santimita 30 a nanosakan ɗaya, ka ga 800 na haƙuri da amsa-kuwwar da ta yi ƙarin tafiyar mita 240. Kunna WMM don murya ta riga sauran kaya wucewa, ka tabbata alamar fifiko ta DSCP 46 na bin ta har cikin kebul. Kunna 802.11r da 802.11k idan wayoyin sun san su, don sauya akwati ya yi sauri.

Sai gwaji na gaskiya: mutum biyu su buɗe kira, ɗaya ya bi kowane lungu yana ƙirga ɗaya, biyu, uku da ƙarfi, ɗayan na rubuta inda lamba ta ɓace. Jinkiri daga baki zuwa kunne kada ya wuce milisakan 150, kamar yadda hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawara a ƙa'idarta ta G.114, asarar gutsure kuma ta tsaya ƙasa da kashi 1. Inda sigina ke da ƙarfi amma akwati na yawan maimaita aikawa, amsa-kuwwa ce: matsar da eriyar ko ka karkata ta, ka sake bin layin. Duk ranar da aka sauya tsarin kantoci, a maimaita wannan zagaye.