Idan aka kwantar da mai galahanga a asibiti, ga aikin mai jinya

Kowa ya san a asibitocinmu rabin jinya a hannun 'yan uwa take, ke ce wanka, ke ce abinci, ke ce gudu famasi siyo magani da safar hannu. Toh in mara lafiyar mai lalurar galahanga ne, wato autism a Turance, ko wanda yake da jinkirin fahimta tun yarinta, yaro ne ko babba, sai wani aikin ya ƙaru, ke ce bakinsa. Da iyaye mata nake don su suka fi kwana a tabarma gefen gado, amma baban yaro ma ya karanta.

Ki fara da takarda shafi ɗaya, tun kafin ciwo ya zo ma. A Ingila suna da irinta, fasfon asibiti suke ce mata. Ki rubuta sunan da yake amsawa a gida, yadda yake nuna eh da a'a, yadda yake yi in wani wuri na masa ciwo, magungunan da yake sha da adadinsu da lokacinsu, maganin da ya taɓa ba shi matsala, abin da yake iya ci, abin da ke firgita shi da abin da ke kwantar masa da hankali. A samu wani ya mayar da ita Turanci, kwafi ɗaya a folda, ɗaya a gefen gado, ki kuma ɗauki hotonta a waya. Dalili, ma'aikata canji suke, kin gama yi wa sistan safe bayani tiryan-tiryan sai ga ta dare ta zo ba ta san komai ba, kuma ƙarfe biyun dare yaro na ihu ba lokacin ba da tarihi ba ne.

Da an ba ku gado ki nemi babbar nas ta ɗakin, cikin ladabi, ki roƙi gadon lungu nesa da ƙofa da teburin ma'aikata, in da hali ɗakin gefe ko aminiti, wato ɗakin kuɗi na keɓe. Ba gata ba ne. Hasken fitila, ƙarar janareta, warin magani, kukan yaron gado na gaba, abin da mu muke jurewa shi azaba ne a kunnensa da idonsa. Ki taho da kofinsa, bargonsa, abin wasan da baya rabuwa da shi ko da murfin kwalba ne. Sai 'yan dubiya. Na san da nauyi a ce wa dangin miji su tsaya a waje, amma mutum takwas su zagaye gado kowa na "sannu, ya jiki" yana shafa kansa, wallahi bayan sun tafi ke za ki kwana kina fama da shi. Biyu-biyu su shigo, ko su gaishe ki a baranda, ladansu na nan.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya. In ya fara abin da ba ya yi a da, ko abin da yake yi ya ƙaru, buga kai a bango, cizon hannu, ƙin abinci, ko kuma ya yi shiru lakwas alhali mai ƙiriniya ne, ki ɗauka ciwo ne har sai an bincika an ce ba shi ba ne. Kuskuren da ake yi a ko'ina, har ƙasashen da suka fi mu kayan aiki, shi ne a kalli yaro a ce ai dama haka suke, lalurarsa ce, sai ciwon haƙori ko kunne ko ciwon fitsari ko afendis ya ɓuya a bayan wannan maganar. Kar ki ce wa likita "yana rigima", ki ce "jiya ya ci tuwo yau ko shayi ya ƙi, kuma in na taɓa nan sai ya ture hannuna", wannan ita ce maganar da likita zai iya aiki da ita. Kuma ki riƙa lura da bahaya, kina rubuta ranar da ya yi. Kamar ƙaramin abu ko? A 2012 wani mutum a Ingila, Richard Handley, mai shekara 33 da ke da lalurar Down, wadda ake haihuwar mutum da ita tana kawo jinkirin fahimta, bushewar ciki ce ta yi ajalinsa, abin da magani mai araha ke warwarewa in an gano da wuri. Kwanciya wuri ɗaya, ƙarancin shan ruwa da wasu magungunan duk suna ɗaure ciki. In kuma yana ƙwarewa ko tari lokacin cin abinci ki faɗa, a zaunar da shi sosai kafin a ba shi, don abinci na iya zarcewa huhu ya zama nimoniya.

Sai maganar allurar kwantar da hankali. In ya birkice a ɗaki abu mafi sauƙi ga kowa shi ne a yi masa allura ya yi barci, wani lokacin kuma dole ce, ban musa ba. Amma kina da haƙƙin tambaya: meye sunan maganin, don me, na kwana nawa, wace illa zan sa wa ido? Oliver McGowan ɗan shekara 18 ne mai galahanga da farfaɗiya, a 2016 aka kwantar da shi a wani asibiti a Bristol saboda farfaɗiyar, shi da iyayensa suka ce kar a ba shi magungunan taɓin hankali don sun taɓa yi masa illa, aka ba shi ɗaya daga cikinsu mai suna olanzapine, ƙwaƙwalwarsa ta kumbura ya rasu. Mahaifiyarsa Paula ba ta yi shiru ba, har dokar lafiya ta 2022 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya a Ingila horo kan kula da irin waɗannan bayin Allah, horon da gwamnati ta tsara ma sunan Oliver yake ɗauke da shi. Don haka in wani magani ya taɓa cutar da naki, kar ki tsaya a faɗa da baki, ki ce a rubuta a folda a gabanki. In bayan an ba shi irin wannan maganin kika ga zazzaɓi mai zafi, jiki ya sandare, gumi na zuba, ya rikice, a kira likita nan take, kar a jira zagayen safe.

Kanula da ɗibar jini kuwa, kar ki masa ƙarya cewa ba zafi, sau ɗaya zai yarda da ke. Ki nuna masa a hannunki tukuna, mutum ɗaya ya yi magana da gajerun kalmomi, a ba shi lokaci ya gane, ba ƙarti huɗu su danne shi ba. A naɗe kanular da bandeji don kar ya tsige. In tiyata ce ki roƙa a sa shi farkon layi saboda zaman yunwa, ki kuma tambayi yadda za a yi da maganin farfaɗiyarsa a ranar, don ba a yanke shi kwatsam. Mai farfaɗiya ba a barinsa shi kaɗai a banɗaki ko kusa da ruwa, wani matashi mai farfaɗiya a Ingila, Connor Sparrowhawk, a bahon wanka ya nutse a 2013, a cikin cibiyar lafiya, da ma'aikata a wurin. In farfaɗiyar ta tashi a kwantar da shi ta gefe, ba cokali a baki, ki duba agogo, in ta kai minti 5 abin gaggawa ne. Jiƙe-jiƙen da ake kawowa daga gida a ɓoye kuma, dan Allah a faɗa wa likita, addu'a da tofi ba sa karo da magani amma sassaƙe na iya yi.

Wani lokacin za a ce a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, Dawanau ko Barnawa ko Kware. In akwai wata cutar a kan lalurar, kamar tsananin damuwa ko gane-gane, zuwan na da amfani. Amma galahanga ita kanta ba hauka ba ce kuma kwanciya ba ta warkar da ita, don haka ki tambaya tun ranar farko, me za a yi masa a can kuma yaushe ake sa ran fita. In kika ga an ɗaure shi a gado ki nemi dalili da lokacin kwancewa, in ba ki gamsu ba ki je ofishin walwalar marasa lafiya ko Sabikom, wato ofishin karɓar ƙorafi na asibitin.

Ranar sallama kar ɗoki ya sa ki fita ba ki zauna da likita ba. Ki jera magungunan da kika zo da su da sababbi a kan gado, a nuna miki wanne za a ci gaba, wanne aka tsayar, musamman na barci da aka fara a asibiti, a faɗa miki ranar dainawa. Ki karɓi ranar dawowa kiliniki, sannan ki ƙara a takardar nan taki abin da ya yi aiki a wannan kwanciyar da wanda bai yi ba.