Kurakuran da muke tafkawa idan damuwa ta yi mana yawa

Babban kuskuren da aka fi yi shine mutum ya wayi gari kullum da ciwon kai, wuya ya riƙe, ƙirji na bugawa fat-fat, bacci ya ƙaurace masa, sai kawai ya nufi kemis yace a haɗa mai magani. Mai kemis kuma zai zuba fanadol da ibuprofen da maganin maleriya a leda ya ƙulle, ba wanda zai tambaye ka kuɗin haya da ya ƙare ko bashin da ke hana ka ɗaga waya. Alhali in damuwa ta daɗe jiki yana ta sakin sinadaran adirinalin da kotisol ne kamar wanda kare ya biyo, zuciya na gudu, jini na hawa, suga na hawa, garkuwar jiki na rauni, shi yasa za kaga mutum yau mura gobe zazzaɓi. Kafin ka haɗiyi komai a auna maka hawan jini, minti biyar ne kuma kemis da yawa suna da na'urar. In ya kai 140/90, aka sake aunawa wata rana ya sake kaiwa, to asibiti za ka nufa, don shi hawan jini sau da yawa baya nuna alama sai dai a ji ance wane ya faɗi ɓarin jiki ya shanye.

Sai masu cewa tunani ne ya sa musu olsa. Damuwa tana tsananta ciwon, gaskiya ne, amma mafi yawan gyambon ciki ƙwayar cutar H. pylori ce ke kawo shi, ko kuma yawan shan ibuprofen da diclofenac ɗin nan da ake korawa da ruwa ciki ba komai. Kaga kenan maganin da kake sha don ciwon kan shine ke cin cikin. A je ayi gwajin ƙwayar cutar, akwai maganinta.

Na ƙwaya kuwa ba sai an faɗa ba. Tiramol don a jure aiki, D5 don a samu bacci, ga maganin tari mai kodin da gwamnatin Najeriya ta haramta tun 2018 amma har yanzu ana sha a ɓoye, wallahi har da matan aure. Wanda baya shan waɗannan ma yana nasa, goro da shayi mai kauri bayan isha'i sannan a kwanta da waya ana ta latse-latse har ƙarfe biyu. Babba yana buƙatar bacci aƙalla awa 7. Daina shayin daga la'asar, saka wayar a caji nesa da gado.

Wanda ya fi ba ni haushi shine shiru. Mace ta kawo kuka a ce yi haƙuri zaman aure ya gaji haka, namiji ya furta a ce rashin tawakkali ne. Addu'a da ganin likita ai basa karo da juna. In ka kwashe sati biyu ba walwala, abinci baya shiga, abun da ke saka nishaɗi da yanzu baya burge ka, ga likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, ba sai wanda aka ɗaure da mari ake kaiwa ba, mutane da ƙafarsu suke zuwa. In kuwa har tunanin kashe kai ya fara zuwa, a ranar za a tafi, kar a bar mutum shi kaɗai.

Motsa jiki ma an ɗauka sai mai kuɗin jim. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a sati ta ce, wato tafiya da ɗan sauri na rabin awa kwana biyar, sauka daga adaidaita kafin layinku ka ƙarasa da ƙafa.

Kuma don Allah a koyi cewa babu hali. Ankon biki uku a wata ɗaya da gudummawar suna ga adashi ya zagayo, in albashin bai kai ba kice Yaya wannan karon a yi min uzuri.