Kurakuran da aka fi yi wajen duban rana da madubin hangen nesa

Akwai kuskure ɗaya da ba ya gyaruwa, wato duban rana ba tare da kariyar ido ta gaske ba, da shi zan fara. Baƙin tabarau, gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, tsohon hoton ƙashi na asibiti, irin dabarun da ake fitowa da su ranar husufi kamar na 29 ga Maris 2006 da ya ratsa Nijar, babu wanda ke kare ido. Ko tabaran husufi na ainihi mai lamba ISO 12312-2, idan ka saka shi ka leƙa ta madubi, hasken da madubin ya tara zai huda shi. Matatar haske a bakin madubi na gama-gari take zama, ta gaba, a ɗaure tamau. 'Yar ƙaramar da ake murɗawa wajen ido tana iya tsagewa da zafi. Cikin ido kuma ba ya jin ƙuna, sai daga baya mutum ya ga duhu ya tsaya masa a tsakiyar gani. Ƙaramin madubin saiti na gefe, rufe shi ko ka cire. Idan kana neman rana, dubi inuwar madubin a ƙasa, ka juya shi har ta tsuke.

Inda sababbi suka fi karaya shi ne madubin da aka ƙera don rana kaɗai, irin Coronado ko Lunt. Mutum ya leƙa, ya ga jan faifai sumul, ya ce an sayar masa da jabu. Sau da yawa kayan lafiyarsa lau. A cikinsa akwai matata mai suna etalon, wadda ke barin jan hasken haidirojin kaɗai ya wuce, mai tsawon zango daidai nanomita 656.28, kuma ɗan kaucewa kaɗan ya isa ya shafe komai. Fara daidaita gani har gefen rana ya fito kamar an yanka da reza. Sannan ka murɗa zoben saiti, ko marfin matsin iska idan irin wannan ne, a hankali, kamar mai laluben tasha a tsohuwar rediyo. Za ka ga fuskar rana ta yi gurji-gurji, baƙaƙen zare sun bayyana, jajayen harsuna sun leƙo ta gefe. Kada ka haɗa murɗa biyu lokaci guda, ba za ka san wanda ya gyara ba. Zafi na sauya saitin, don haka bayan ɗan lokaci a rana sai ka sake taɓawa.

Lokaci ma ana kuskurensa. A Yamai, da bazara, tsakar rana ɓata lokaci ce: siminti da rufin kwano sun ɗau zafi, iska na rawa, hoton na kaɗawa kamar ruwan kogin Isa. Ni da hantsi nake fita, in kafa a kan ƙasa, nesa da bango. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, harsunan gefe ne ke fara ɓacewa, murɗa ba ta dawo da su.

Lulluɓa baƙin ƙyalle a kai, ka ba ido minti biyu ya saba. Maƙwabta za su yi dariya, bar su. Ƙurar da ta hau gilashi kuwa kada ka share ta da bakin riga, yashi ne, karce zai yi. Hure ta da robar hura iska, ka mayar da marfi kafin ka shiga ɗaki.