Darasi na 9: Yaron da Ya Ƙi Makaranta

An gama karin kumallo, yara sun rataya jaka, shi kuwa ya raɓe a bayan ƙofa wai cikinsa na ciwo. Jiya ma haka aka yi. Amma ranar Asabar garau yake, har ƙwallo ya buga.

Yawancinmu bulala muke fara ɗaukowa. A dakata tukuna. Yaro bai iya cewa "ina cikin damuwa" ba, jikinsa ne ke faɗa: ciwon ciki, firgita cikin barci, fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, ko shirun da ba halinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Mu a Katsina ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun tuna Disambar 2020, da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. Ga kuma iyalan da 'yan bindiga suka koro daga yankunan Batsari, Jibiya da Safana. Yaron da ya taɓa kwana a daji, yau ga shi a sabon aji, bai san kowa ba, ana kiransa ɗan ƙauye. Ta ina karatu zai shiga?

Ke uwa, bayan sallar isha'i ki jawo shi kusa. Kada ki ce "me ke damunka?", don "ba komai" zai ce. Ce masa, "Yau da wa ka zauna da aka fita tara?" In ya ce shi kaɗai, to kin kama bakin zaren.

Washegari ke ko mahaifinsa ku ga malamin aji a keɓe, ba a gaban yara ba. "Malam, don Allah a haɗa shi benci da yaro mai haƙuri, a ba shi ɗan aiki, ko da goge allo ne." Wanda ake nema in bai zo ba, shi ne ke ɗokin zuwa. In tsangwamar ta ci gaba, akwai hedimasta, akwai ƙungiyar iyaye da malamai.

Idan abin ya ɗauki makonni, ko ya daina cin abinci, a kai shi asibiti. Addu'a ba ta hana ganin likita.

Aikin gida: Rubuta sunayen abokan ɗanka biyu na makaranta. In ba ka sani ba, tambaye shi yau da dare, ka zo mana da su mako mai zuwa.